Ɗinkin hanjin maigidana ya saki, danginsa sun ce kar a koma tiyata

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara dan wallahi kaina ya kulle. Maigidana ne yayi fama da taifod kusan sati uku muna ta siyan magani a kemis, rannan cikin dare ciki ya murɗa masa ya kumbura yayi tauri kamar katako, muka kai shi asibiti suka ce hanji ne ya huje, a daren aka yi masa aiki aka ɗinke. Kwana huɗun farko Alhamdulillah har ya fara kurɓar ruwan shayi yana ɗan takawa, a na shida zazzaɓi ya dawo da rawar ɗari, yau kwana goma wani ruwa kore-kore mai wari yana fitowa ta ƙasan ɗinkin, bandeji baya awa biyu ya jiƙe sharkaf. An yi sikanin sun ce mugunya ta taru a mararsa kuma hanjin yana yoyo, wai sai an koma tiyata an wanke cikin an fito da hanjin ta gefe a maƙala masa leda. Yayansa yace sam bai yarda ba, wai su suka ɓata aikin farko yanzu suna so su koyi aiki a kansa, Hajiyarsu kuma tace a maido mata da ɗanta akwai mai magani a ƙauyensu. Shi kuma maigidan cewa yake gara ya mutu da ya dinga yawo da kashi a leda, wai wace sallah zai yi a haka. Kuɗi sun ƙare har keken ɗinkina na siyar. Anti laifin likitocin ne? In bi dangi ko in bi asibiti?

Maman yara uku

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, sannu da ƙoƙari. Allah ya ba maigida lafiya yasa kaffara ce. Na tsallake saƙon mutane da yawa na ɗauko naki dan ba irin wanda zai jira sati mai zuwa bane, kuma nasan a bakin gado kike karantawa waya a hannu ɗaya mafici a ɗaya, to bari in baki amsar tun yanzu kafin dogon bayani. Kar ki yarda a fitar dashi daga asibitin nan. Aikin da suka ce za'a yi shine wanda ake yi ko'ina in abu ya kai haka, kuma duk kwanan da aka ƙara ana ja-in-ja a baranda shi kaɗai yake ji a jikinsa.

Na daɗe ina aikin nas a ɗakin maza masu tiyata, warin nan da kike faɗa na san shi, tun daga bakin ƙofa in ka shigo aikin safe kake gane akwai gadon da abu ya canza cikin dare. Nasan kuma yadda yake karya zuciyar mai jinya, ga mutum ya fara samun sauƙi har an kira 'yan uwa an yi musu albishir.

Ki fara gane abinda taifod yayi masa tukuna. Ƙwayar cutar, Salmonella Typhi sunanta, ta ruwan sha ko abincin da ya haɗu da ƙazantar bayan gida take shiga, sai ta je ta tare a ƙarshen ƙaramin hanji daf da inda yake haɗuwa da babba, a wurin akwai wasu 'yan kaluluwa shimfiɗe a bangon hanjin, su take kamawa su kumbura su zama gyambo ta ciki, gyambon yana ci yana ci har a sati na biyu ko na uku ya ɓulla waje. Abinda ya same ku kenan daren da ciki yayi tauri. To amma yawanci gyambon ba ɗaya bane. Likita zai buɗe ya ga rami ɗaya ko biyu ya ɗinke, alhali a gefe akwai wasu wuraren da suka yi siriri kamar ɓawon albasa basu kai ga hujewa ba, bayan 'yan kwanaki ɗaya ya ɓalle. Kinga kenan ba lallai ma ɗinkin ne ya saki ba, yana iya zama sabon rami ne, sai an buɗe ake tantancewa.

Sannan mutane suna ɗauka zare ne yake riƙe hanji. Zare aikinsa kawai ya haɗa baki da baki na 'yan kwanaki kafin naman ya kama ɗan uwansa da kansa. Wajen kwana na uku zuwa na biyar wurin ɗinkin yafi kowane lokaci rauni, tsohon nama ya yi laushi sabo bai gama tofowa ba, shi yasa labarin kusan kullum iri ɗaya ne, mara lafiya ya ji dama a fara murna sai tsakanin kwana biyar da bakwai zazzaɓi ya dawo, zuciya ta dinga gudu, ciki ya sake kumbura. Kuma naman baya kamawa sai jini yana zagayawa wurin sosai, jiki yana da abincin da zai gina sabon nama dashi, wurin kuma da tsafta. Yanzu ki dubi maigidanki, sati uku yana zazzaɓi ba cin kirki, jini yayi ƙasa, hanjin kuma ya kwanta cikin ƙazantar da ta zubo kafin a kai ga tiyata. Ke tela ce, kin fi ni sanin wannan. A kawo miki tsohon zani da ya kwana biyu a jiƙe har ya fara ruɓewa ace ki ɗinke, komai iyawarki zaren zai zauna, yadin ne zai yage ta gefen zaren.

To laifin likitoci ne? Bazan ce miki ba'a sakaci a asibitocinmu ba, ana yi, na gani da idona kuma har yau yana ci min rai. Amma yoyon hanji shi kaɗai ba shaidar sakaci bane. Ko a asibitocin da suka fi ko'ina kayan aiki a duniya, ga mara lafiya an shirya shi tsaf ya ci ya ƙoshi an sa rana, ana samun 'yan kaɗan cikin ɗari da haɗin hanjinsu yake saki, in aikin can ƙasa ne kusa da dubura yakan kai goma cikin ɗari ko ya wuce. Balle aikin gaggawa na tsakar dare a kan hanjin taifod. Fidel Castro na Kuba, ƙasar da ake yabon likitocinta, an yi masa aikin hanji a watan Yulin 2006 har ya miƙa wa ƙaninsa Raul mulki, daga baya jaridu suka ruwaito cewa haɗin hanjin ne ya saki sai da aka sake komawa tiyata ba sau ɗaya ba. Shugaban ƙasa fa, wa zai koyi aiki a kansa? Kuma ya ƙara shekara goma a duniya, sai 2016 ya mutu. Inda ake kiran sakaci shine mara lafiya yana nuna alamu a ƙi dubawa, ko a gani a ɓoye. Naku sun gani sun yi sikanin sun faɗa muku gaskiya sun kawo mafita. In daga baya kun ga akwai abinda ba'a yi daidai ba, akwai hukumar asibiti akwai hukumar da take kula da aikin likitoci ta ƙasa, ƙofarsu a buɗe take, amma wannan maganar bayan ya tashi ce.

Mugunyar da ta taru a mara kuwa, ki ɗauke ta kamar maruru, sai dai na ciki. Kowa ya san maruru in ya nuna ko kwalin kafso nawa aka sha baya lafawa sai ya fashe ruwan ya fita. Dalili kuwa jiki yana gina masa katanga ya killace shi, maganin da ake sawa ta jijiya jini ne yake kai shi, cikin mugunya kuma ba jini. Shi yasa kike ganin ana ta allurai masu tsada zazzaɓin yana sauka da safe ya dawo da yamma da gumi. In taruwar 'yar ƙarama ce, ƙasa da santimita uku ko huɗu, wani lokaci magani kaɗai yana cinye ta. In ta fi haka kuma tana wuri ɗaya da za'a iya kaiwa gare shi, akan zura siririyar roba ta fata ana kallo a na'urar sikanin a tsotse ba tare da an buɗe ciki ba, ana yin wannan a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Haka ma yoyon kansa, in kaɗan ne, ƙasa da mililita 200 a wuni, ba zazzaɓi, cikin a lafe, sau da yawa likitoci basa taɓawa, ciyar da mutum suke su kare fatar, cikin sati huɗu zuwa shida ya toshe da kansa. Kina da damar tambayarsu ko ɗaya daga cikin waɗannan zai yiwu a kansa, ki tambaya kar ki ji nauyi. Amma abinda kika bayyana, bandeji yana jiƙewa duk awa biyu ga rawar ɗari ga mugunya a mara, wannan yoyo ne mai yawa da ƙwayoyin cuta sun fara shiga jini, kuma irin wannan ba'a zuba masa ido. Ko an tsotse mugunyar yau, in ramin yana nan gobe wata zata taru.

Nasan abinda zai zo ranki, me yasa in sun buɗe ba zasu sake ɗinkewa kawai su rufe ba sai sun fito da hanji waje? Saboda zanin nan da muka yi magana yanzu yafi da ruɓewa. Ɗinki na biyu cikin mugunya shi yafi saurin saki, kuma jikin da ya sha tiyata biyu da ƙyar yake ɗaukar ta uku. Kin taɓa ganin magini yana gyaran kwatar gida? Baya shafa siminti ruwa yana bi ta kai, sai ya karkatar da ruwan ta wata hanya tukuna, simintin ya bushe yayi ƙarfi sannan a maido da ruwan hanyarsa. Ledar nan ita ce karkatar da ruwan. Za'a wanke cikin, a fito da bakin hanjin ta gefen dama na mara, abinci ya dinga fita ta nan kar ya sake zuba a ciki, mutum ya samu ya ci ya murmure, yawanci bayan wata biyu zuwa uku, wani har shida in jikin ya rame sosai, a yi hoto a tabbatar hanya ta gyaru sai a mayar da hanjin ciki a rufe. A irin matsalarsa ta wucin gadi ce. Jair Bolsonaro na Barazil da aka daɓa wa wuƙa a ciki wajen yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa a watan Satumban 2018, da leda a jikinsa ya ci zaɓe, da ita aka rantsar dashi ranar 1 ga Janairun 2019, a ƙarshen watan aka cire masa. Ki faɗa wa maigida wannan.

Maganar kai shi gida ita ce tafi tayar min da hankali. Ruwan nan kore da kike gani ba kashi bane irin wanda muka sani, ruwan ƙaramin hanji ne, cike yake da gishirin jiki da ruwan narkar da abinci. Mutum yana iya zubar da fiye da lita ɗaya a wuni ta nan, a asibiti ƙarin ruwa ne yake maye gurbinsa, a gida cikin kwana biyu uku jiki ya bushe fitsari ya ɗauke ƙoda ta tsaya. Kuma ruwan yana cin fata kamar yadda yake cin nama a ciki. Akwai wani matashi da bazan manta ba, bai fi shekara ashirin ba, irin matsalar nan sak, kawunsa ya sa hannu ya ɗauke shi muna roƙo yana cewa an gode. Kwana biyar suka dawo dashi a bayan a-kori-kura, an cusa masa wani garin magani baƙi a bakin ciwon an ɗaure da tsumma, da na ɗaga tsumman fatar cikinsa daga cibiya har cinya ta saluɓe jajawur kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, idonsa ya faɗa, harshe ya bushe kamar fata, ko jijiyar da zamu sa ruwa mun rasa sai a wuya. Mahaifiyarsa tana tsugune a ƙasa tana riƙe da ƙafar gadon. Bai kwana biyu ba. Ni na rufe masa ido, kuma har yau in na tuna sai inji dama na ƙara roƙon kawun nan ko sau ɗaya ne.

Ba raina maganin gargajiya nake ba, amma babu sassaƙe ko jiƙon da yake toshe rami a hanji, da yawansu ma masu sa gudawa ne, su ƙara tunkuɗa ruwa ta ramin. Addu'a kuwa da tofi da sadaka ba wanda ya hana, a zo bakin gado ayi, mu ma muna amin. Abinda za'a sha ko a shafa a ciwon ne kawai sai an tambaya. In kuma an riga an ɗura masa wani abu a ɓoye, ki faɗa wa likita yau, ranar wanka ba'a ɓoyon cibi, mai sa barci a tiyata yana buƙatar sani.

Yanzu dangi. Ki sani a ƙa'ida tunda maigida yana cikin hayyacinsa shi ne mai sa hannu, ba Yaya ba ba Hajiya ba, ba ke ba ma. Dan haka shi zaki fara shawo kansa, kuma ba a gaban mutane ba. Ki bari dare yayi 'yan dubiya sun watse ki zauna kusa dashi. Namijin da yace gara ya mutu ba mutuwar yake so ba, kunya yake ji, yana tunanin wari, yana tunanin sahun masallaci, yana tunanin ko ke kanki zaki ƙyamace shi. Wannan na ƙarshen ba zai taɓa furtawa ba, ke zaki amsa masa ba tare da ya tambaya ba. Kice masa Baban yara, kwana goma ina wanke wannan ciwon da hannuna ban gudu ba, leda ce zata kore ni? Ki roƙi nas ta kawo ledar ya gani ya taɓa, tana manne da fata, ba ta wari in an rufe ta daidai, ƙarƙashin riga ba mai sani. In akwai wani mai ita a ɗakin ko mai zuwa kilinik a haɗa su, maganar wanda ya ɗanɗana tafi tamu shiga. Zaman aure ma ba abinda take hanawa in jiki yayi ƙarfi.

Sallah kuwa, malamanmu sun daɗe da yin bayanin mai lalurar da abu yake fita masa ba da ikonsa ba, kamar mai yoyon fitsari, sallarsa tana nan bata faɗi ba kuma akwai sauƙin da aka yi masa wajen alwala. Ki sa a kira malamin da yake girmamawa ya zo ya faɗa masa da bakinsa yadda zai yi. Azumi ma in ya riske shi a haka mara lafiya ne, ramuwa zai yi, dan mai leda a ƙaramin hanji ƙishirwa tana yi masa illa da wuri.

Shi kuma Yaya kar ki yi musu dashi, matar ƙani bata cin gardama da yayan miji a baranda ko da ita ce da gaskiya, kuma shima tsoro ne yake sa shi faɗa. Kice Yaya ni ban iya bayani ba, dan Allah gobe ka zo da sassafe lokacin zagayen likitoci ka ji daga bakin babban likita, duk abinda ya shige maka duhu ka tambaya. Ya tambaya waye zai yi aikin da hannunsa, haƙƙinku ne ku sani, kuma ku roƙi babban ya tsaya a kai. Sannan ki bashi aiki, za'a buƙaci jini leda biyu ko fiye, shi ya tattaro matasan gida a gwada su. Mutum in aka bashi abin yi yakan sauko. Hajiya kuma uwa ce, ɗanta take so ta gani kusa da ita, a kawo ta ta zauna a gefensa, ki ce mata Hajiya addu'arki muke nema ki sa masa albarka a shiga dashi. In duk da haka hankalinsu bai kwanta da wannan asibitin ba, abinda za'a nema shine takardar tura shi asibitin koyarwa, da ruwa a hannunsa a motar asibiti, daga gado zuwa gado. Ba gida ba.

Kuɗi, na ji zafin keken nan da kika siyar, Allah ya mayar miki da wanda ya fi shi. Ki nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, manyan asibitocin gwamnati suna dashi, ki kai kukanki a rubuce, wani lokaci ana rage wani abu ko a haɗa ku da masu taimako. A sanar a masallacin unguwa da wajen sana'arsa, wannan ba bara bace. Kuma ki faɗa wa masu cewa aikin yayi tsada, jinkiri yafi shi tsada, in ƙoda ta tsaya ga kuɗin wankin ƙoda kuma a kan na tiyatar.

Bayan an fito in sha Allahu, aikinki ne zai fara, kuma mafi girmansa abinci. Da zarar likita yace ya ci, to ya ci, kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a wuni. Za ki ji masu cewa kar a bashi ƙwai ko kifi ko madara wai suna sa ciwo ruwa, wallahi wannan maganar ta kwantar da mutane da yawa, da me jiki zai ɗinke kansa in ba da su ba? Dafaffen ƙwai, kifi, naman kaza mai laushi, kindirmo, kunun gyaɗa mai kauri, awara, duk ki bashi. Tuwon shinkafa da ayaba da dankali da burodi suna sa abinda yake fita a ledar yayi kauri, wannan alheri ne. Abinda zaki ja baya dashi a makonnin farko shine mai zare da ƙwaya, irin su rama da zogale da gasasshiyar masara da gyaɗa a tsaye da kwakwa da totuwar lemo, suna iya toshe bakin hanjin, komai kuma ya tauna sosai. Abin da zai baki mamaki, mai leda a ƙaramin hanji in yana ɗirkar ruwa zalla da lemon kwalba yawan zubar ƙaruwa yake, ruwan gishiri da sukari na ORS shine abokinsa, sacet ɗaya a lita ɗaya yana kurɓa a hankali duk wuni, kuma kar a rage masa gishiri a miya sai in likita ya hana. Ki samu robar ruwa ki yanke ki sa mata alama, duk abinda kika juye daga ledar ki auna ki rubuta a ɗan littafi da lokacinsa, haka ma fitsari. In abinda yake fita ya haura lita ɗaya da rabi a wuni, ko fitsari ya ragu yayi ja, ko yana jin jiri in ya miƙe, ku koma a ranar. Akwai magungunan rage gudun hanji da likita zai rubuta, kar ki siyo da kanki.

Bakin hanjin ja ne jajir mai ɗanshi kamar cikin kumatu, baya ciwo in an taɓa, ɗan jini kaɗan wajen gogewa ba komai bane. In ya koma baƙi ko shuɗi-shuɗi, wannan na gaggawa ne. Ramin ledar a yanka shi daidai bakin hanjin kar a bar fata a buɗe, a juye ta in ta kai kashi ɗaya cikin uku kar a bari ta cika ta ɓalle, fatar gefe ruwa mai ɗumi kawai sai a bushe sosai, in ta fara ja akwai man zinc da hoda na musamman. Kar ki bari a sallame ku sai kin canza ledar da hannunki sau biyu a gaban nas.

Diclofenac da ibuprofen da duk maganin ciwon jiki na kemis a ajiye su, suna taɓa ƙoda kuma ana zarginsu da hana haɗin hanji kamawa. In yana shan taba to ya bari daga yau. Ya dinga tashi yana takawa ko zuwa bakin ƙofa ne yana jan dogon numfashi, kwanciya wuri ɗaya tana kawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. In kinga wani ruwa mai yawa ja-ja kamar ruwan wankin nama ya ɓalle ta ɗinkin ciki, ya kwanta kar ya yunƙura ki kira nas nan take, alamar ɗinkin bangon ciki ne yake son buɗewa.

Ko bayan kun koma gida ki sa ido, dan mugunya takan sake taruwa bayan sati biyu uku kuma bata ihu. Ki siyi ma'aunin zafin jiki ki auna safe da yamma kafin ya sha farasitamol ba bayan ya sha ba, in ya kai 38 ku tafi. Ki koyi ƙirga bugun hannunsa, in yana kwance a huce ya wuce 100 a minti ɗaya ko ba zazzaɓi abin dubawa ne. Shaƙuwar da taƙi tsayawa da ciwo a kan kafaɗa suna nuna taruwa a sama ƙarƙashin haƙarƙari, yawan jin bayan gida da fitar majina kamar atini da yawan fitsari suna nuna ta mara. Amai kore da murɗawar ciki, ledar kuma ta wuni ba abinda ya fito cikinta, toshewa ce. Rikicewar magana ko yawan barci, kar ku jira gari ya waye. Kuma ba ɗaukar kaya mai nauyi har wata biyu zuwa uku.

Su yaran ma ki duba, inda taifod ya kama mutum ɗaya ruwan gidan abin zargi ne, a dinga tafasa na sha, duk wanda yayi zazzaɓi ya wuce kwana uku asibiti ba kemis ba. Ke kuma ki samu wadda zata karɓe ki ko na awa huɗu ne ki runtsa ki ci abinci mai zafi, tafiyar da sauran tsawo.

Gobe da safe kafin likitoci su shigo ki tabbatar Yaya yana nan, littafinki yana hannu da adadin bandejin da aka canza daga daren yau. Ku tambayi yaushe za'a shiga dashi, jini leda nawa ake so, wa zai yi aikin, da kuma wata nawa suke sa ran kafin a mayar da hanjin. In an fito ki rubuto min ko layi ɗaya ne, ina jiran saƙonki, kuma yana cikin addu'ata daren nan.